Sinkin Baban Ummi da Ƙwaryar Inna

Alhamdu lillahi, mai gidana ya miƙe, har wandunansa sun koma matse shi a ƙugu, don haka yanzu zan iya ba da labarin nan ina dariya. Watanni kaɗan da suka wuce ba dariya nake yi ba. Na rubuta ne saboda matan da ke zuwa gidana kallon sinki, su koma suna damun mazansu a yi musu irinsa. Ku karanta tukuna, in ya so a kira magini daga baya.

Baban Ummi mutumin kirki ne, bari in faɗi wannan da wuri kafin in fara yi masa tsiya. Sunansa Lawal, yana da shagon cajin waya da kayan sola a bakin kasuwar Batsari. Ba ya faɗa, ba ya rowa. Aibinsa ɗaya ne, ƙyanƙyami. Tun asali yana da shi, amma shekarun da ya yi yana kula da janareta a wani otal a Abuja su suka ƙarasa shi. Ya dawo mana da abu biyu. Na farko cin ɗanyen ganye: kullum da yamma sai an yanka masa latas da kabeji da kokwamba faranti guda, ni da yara muna gefe muna kallonsa yana tauna kamar akuya ta samu harawa. Na biyu sinki, wato kwamin ƙarfen nan na wanke-wanke da ake kafawa a kicin, mai rami a tsakiya inda ruwa ke bi ya fita.

Kafin zuwan sinki, a tsakar gida nake komai, bakin kwata, yadda na taso na ga ana yi. Bahon kwanuka daban, tiren nama daban, robar ganye daban, in na gama in kife su a rana. Shi kuwa da ya shigo ya ganni a tsugune sai fuskarsa ta yamutse.

"Hajara, dubi inda kazar can ta taka. Yanzu nan ta fito daga bayan awaki."

Ranar da ya ga ƙuda ya sauka a kan nama ya tashi, da shayi ya wuni. Bai huta ba sai da ya gina kicin, ya lailaye shi da farin tayil, aka kafa sinki da famfo mai walƙiya. Ya kafa doka: duk abin da zai shiga baki, ba a ƙara wanke shi a waje. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Bayana ya huta da sunkuyo, maƙwabta suna sallama don kawai su leƙa.

Sai dai famfon nan ado ne, ko ɗigo ba ya yi, don ba a kai ga sayen tanki ba. Ruwanmu na 'yan garuwa ne, jarka-jarka, kuma kowa ya san ba a wasa da shi a garin nan. Saboda haka sai in toshe ramin da 'yar robarsa, in tuttula ruwa, in wanke abin da zan wanke. In na gama in zare robar, in watsa moɗa guda, in goge da soso, in sake toshewa don abu na gaba. Sinki ya yi ta sheƙi. A wurin Baban Ummi kuwa, duk abin da ke sheƙi ya gama tsarkaka.

Mahaifiyata, Inna, tana Zakka, can ɓangaren Safana. Tana da 'yan shanunta, sana'arta fura da kindirmo tun kafin a haife ni, kuma da sunan furar nan aka san ta. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce kawai. Mijina kuwa saboda kunyar surukuta ko gaisuwa sai da labule a tsakani, in za ta ambace shi sai ta ce "mutanen Batsari". Duk ranar kasuwa sai ƙwarya ta iso mana a motar 'yan kasuwa, an rufe da faifai an ɗaure da tsumma fari tas. Baban Ummi zai yi godiya, ya sa in kira waya in ƙara godiya, amma ko ɗanɗanawa ba ya yi. Wai bai san hannu nawa ya taɓa ba. Ni da yara mu shanye abinmu. Inna ba ta taɓa tambaya ba, a zatonta yana sha.

Bayan an gama girbi sai ga ta da kanta, abin da takan shekara ba ta yi ba. Baban Ummi ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a yanka wa baƙuwa kaza. Na fige, na fafe, na wanke a sinki har da kayan ciki. Na zare roba, na watsa moɗata, na goge da soso, sinki ya ɗau ido. Na sake tara ruwa na jiƙa masa latas ɗinsa.

Inna kuwa ta zauna ta dama fura da hannunta, ta ba 'yarmu Ummi ta kai wa babanta ɗaki, sannan ta gyara zama tana fuskantar ƙofa tana jiran ƙwarya ta dawo. Babu hanyar gudu. Ummi ta ba ni labari daga baya cewa runtse ido ya yi ya kurɓi ludayi kaɗan, sannan ya ce ta shanye sauran ita da ƙannenta kafin ta fito.

Washegari da la'asar ciki ya fara murɗa masa. Kafin magariba ya yi zaryar bayi har na daina lura, ga amai, ga zazzaɓi. Da gari ya waye na kira yayarsa, Yaya Hadiza, da ke aure a Yasore. Ita ta raine shi, har yau kuma yaro take ganinsa. Kafin hantsi ta iso a kan babur, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a tsakar gida.

"Mi ya ci?"

Na lissafa mata: tuwo, kaza, ganyensa, sai 'yar fura.

"Hura? Wace hura kuma? Ke ko kin san cikin Lawal bai ɗaukar nonon daji. Yaron da ko ruwan randa bai sha sai an tace mashi? Ai ga ta nan, ba sai an je wurin mai duba ba."

Na yi mata alama da ido, na nuna ɗakin baƙi, amma magana ta riga ta fita. Yaya Hadiza ba muguwa ba ce, murya ce Allah ya ba ta wadda ake ji daga bakin titi. Jim kaɗan Inna ta ɗaga labule, ƙunshin kayanta a hannu.

"Ke, ɗauko mani ƙwaryata."

"Inna, ba cewa kika yi sai jibi ba?"

"Shanu ba su da mai tatsa. Allah shi ba mutanen Batsari lahiya."

Na raka ta tasha ina hawaye, ita ko fuskarta ba ta canja ba. Na dawo raina a dagule, ga miji kwance, ga uwa ta tafi da ciwo a zuci. Abin da ya fi ci mini rai, ni kaina na fara shakka. Shekara da shekaru bai sha ba, ranar da ya sha ya kwanta. Me mutum zai ce?

Makon farko a gida muka yi shi. Mai kemis ya zo ya sa masa ƙarin ruwa, aka rataye ledar a ƙusar da muke rataye agogo. Masu dubiya suka yi ta shigowa, kowa da takardar likitancinsa a baki. Wannan ta ce ganyen gwaba, wancan ya ce saɓara, wata ta ce jar kanwa a kunu. Wani abokinsa ya ja ni gefe ya ce in bincika, tun da aka buɗe sabon shagon caji kusa da na Baban Ummi bai yarda da lamarin ba. Baban Ummi yana kwance kamar ba zai kai gobe ba, amma da an miƙo kofi sai ya buɗe ido ɗaya ya tambayi wa ya jiƙa, da wane ruwa. Rubutu kaɗai ya yarda ya sha, shi ma sai da aka tace masa da sabon hankici.

Ranar kasuwa ta zagayo, ƙwarya ba ta zo ba. Na aika Ummi tasha, ta dawo hannu biyu. Da yamma wata mata 'yar Zakka da ke kawo kuka da daddawa ta biyo ta gaishe mu, ta ce mini maganar ta riga ta kai can, motar kasuwa ba buhu kaɗai take ɗauka ba. Wai furar Inna ta kwantar da surukinta. Wasu masu saye sun fara wuce ta, ita kuma ta daina fita da ƙwarya gaba ɗaya, ta ce ƙafa ke damunta. Na san ƙafar Inna lafiyarta ƙalau. Na kira wayar ƙanina da ke gida tare da ita, ta karɓa, ta tambayi mai jiki, ta tambayi yara, na fara cewa "Inna, maganar nan..." ta ce hadari ne ko me, ba ta ji sosai, ta miƙa masa wayar.

Mako na biyu sauƙi ya samu. Ya fara zama, ya fara salla a tsaye. Nan fa kajin dubiya suka fara sauka. Kun san halin mutanenmu, ba a zuwa duba babban mutum hannu sake. Abokan kasuwa, dangi daga Darini, iyayen yaran da ke cajin waya bashi, kowa da kaza a hammata. Yaya Hadiza kaɗai duk zuwa sai ta kawo budurwar kaza, ta ce a yi wa Lawal farfesu ya mai da jiki. Tsakar gidana ya koma kasuwar kaji, mai ƙyamar kashin kaza yana kwance yana jin cara ta kowace kusurwa. Na gode musu har zuciya, Allah ya saka da alheri, don ko a mafarki ban taɓa ganin nama haka ba.

Shi kuma ya ce jininsa ya ragu, babu abin da ke mai da jini irin ɗanyen ganye, a ninka masa. Ni kuwa na ɗaura ɗamarar tsabta. Na hana shigo da komai daga waje, ko ƙosan maƙwabciyata. Ruwan sha sai na tafasa. Cokalinsa daban, kofinsa daban. Da safe in wanke kaza a sinki, da yamma in jiƙa latas a sinki, in goge shi har in ga fuskata a ciki. Ina yi ina jin babu matar da ta kai ni iya jinya a duk Batsari.

Kafin makon ya ƙare ciwo ya dawo, kuma wannan karon da ƙarfinsa ya zo. Jiki zafi rau, ga rawar sanyi, idanu suka faɗa, leɓe ya bushe. Ko ruwan gishiri da sukari ba ya zama. Da na ga ya ɗaga hannu zai yi kabbara hannun ya koma, sai tsoro ya kama ni na gaske. Yaya Hadiza ta ce ragowar nonon ne bai gama fita ba. Ni dai na ce a nemo mota.

Sai da rana ta ɗaga sosai muka kama hanyar Katsina, don mu nan mun san lokacin da ake bin hanya da lokacin da ba a bi. Asibiti kuwa layi ne a kan layi. Na yankar kati daban, na ganin likita daban, na gwaji daban, na magani kuma ka kai gaba a ce babu, je ka waje ka saya. Na tsaya har ƙafafuna suka kumbura, mai jiki yana kwance a benci, kansa a cinyar yayarsa. Wani ma'aikaci ya daka mini tsawa don na tambaye shi ƙofa, har yau ban yafe masa duka ba. Amma akwai wata nas, doguwa mai wushirya, da ta durƙusa ta yi ta lallaɓa hannunsa har ta samu jijiya bayan wasu sun gaza, tana yi tana ce masa "Sannu Baba, saura kaɗan." Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a. Kuɗin da ya tara don sayen tanki a nan suka narke, ragon da muke kiwo ma ya bi bayansu.

Mako na uku a gadon asibiti muka yi shi. Ku zo ku ga mai ƙyanƙyami a ɗakin mutum da yawa. Mutumin da ke buɗe ƙofar bayi da gwiwar hannu, ga shi sai an tara masa fo, ni in ɗauka in zubar in wanke. Wata rana ina goge masa jiki ya juyar da kai, ya ce a hankali:

"Hajara, ba ki ƙyamata?"

"Ina yi mana. Amma wa zan bar wa?"

Ya yi dariya har ƙarin ruwan ya girgiza, sai kuma na ga ido ya kawo ruwa. Na ji tausayinsa, na kuma ji sonsa sabo fil.

Abinci kuwa, tunda babu sinki babu kicin, wurin wata mata a bakin ƙofar asibiti nake sayo kunu da tuwo miyar kuka, da zafinsu. Yana ci bai tambayi hannu nawa ya taɓa ba, yunwa ta kori tambaya. Kullum sai ƙara sauƙi. Aka sallame mu, aka ce mu dawo karɓar sakamakon wani gwaji da bai fito ba.

Muka dawo gida da murna. Masu barka da arziki suka sake ɗebo kaji. Na koma bakin aikina, kaza da safe, latas da yamma. Ba a rufa mako ba na gan shi yana sauri zuwa bayi, takalmi ɗaya a ƙafa. Na ce wallahi ba zan jira ya faɗi ba, gobe sai Katsina.

Likitan da muka samu ranar wani mai furfura ne a gemu, ba ya gaggawa. Ya duba takardar gwajin, ya kira sunan wata ƙwayar cuta, Salmonela, sunan ya zauna mini har yau. Ya ajiye biro ya dube mu.

"A gidan naku, wa ya kwanta ban da shi?"

Na ce babu kowa. Ni da yara ko ciwon kai.

"To me yake ci wanda ku ba ku ci?"

"Ganye, ɗanye."

Baban Ummi ya gyara zama, har da ɗan murmushi. "Amma a sinki ake wankewa, likita. Gidana ba a wanke komai a ƙasa."

"Madalla. Hajiya, me da me kike wankewa a sinkin?"

Na ce komai. Ya tambayi nama, na ce har kaji, kusan kullum tun da ya kwanta. Ya tambayi famfo, na ce babu ruwa, na kwatanta masa yadda nake toshewa in tara, da moɗata, da sosona. Ya tambaya ko soson kaza daban ne da na kwanuka. Na ce soso ai soso ne. Likita ya cire tabarau ya dafe goshi, kafaɗunsa suna rawa.

"Malam, wannan cutar gidanta cikin ɗanyar kaza. Wuta na kashe ta, shi ya sa masu cin farfesu suke lafiya. Amma kai kullum ana jiƙa maka ganye a kwamin da aka wanke hanjin kaza, ka ci shi ɗanye. Ƙwayar cuta ba ta san tayil ba, ba ta kuma tsoron sheƙi."

Murmushin Baban Ummi ya tafi a hankali. Ni kuwa tambaya ɗaya ce a bakina.

"Likita, to fura fa? Ranar da ya fara, ya sha furar mahaifiyata."

"Nonon an dafa shi?"

"Kindirmo ne, sai ta tafasa madarar take zubawa."

"Wa ya sha ban da shi?"

"Yara ne suka shanye, har da lashe ludayi."

"Sun kwanta?"

"Ko ɗaya."

"Da ciwon ya dawo sau biyu, akwai furar a gidan?"

"Babu."

"To ku bar baiwar Allah ta huta."

Ban san lokacin da na ce "Allahu akbar" da ƙarfi ba, har na layi suka leƙo. Mijina na zaune da ciwon ciki, ni ina washe baki kamar an yi mini albishir da Makka. Muka shiga mota muka kamo hanyar gida har muka wuce rabi. Can ya ce, "Wato ni na gina abina da kuɗina." Na ce, "Ka gina, ka sa tayil, ni kuma na yi ta goge maka." Muka kama dariya, yana riƙe ciki yana roƙona in bari.

Magani na wannan karon ya kama, don an toshe inda ciwon ke shigowa. Ga abin da likita ya ce, ga shi kuma na ba ku kyauta, mu da tsada muka saya. Kada a wanke ɗanyen nama a inda za a jiƙa abin da ba za a dafa ba. Ganye a yi masa robarsa, nama tirensa da wuƙarsa. In an taɓa ɗanyar kaza a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa wani abu. Sinki a bi shi da ruwan zafi da sabulu, moɗa guda ba wanki ba ce. Soso a raba, a riƙa shanya shi a rana. Yanzu kaza ta koma bakin kwata a tirenta, Baban Ummi da kansa ya sayo mini murfin raga saboda ƙuda. Sinki na nan, na kwanuka ne kawai, kuma har yau ina son abina.

Na kira Yaya Hadiza na zayyana mata komai, ban rage ba. Muryarta ta yi ƙasa, abin da ban taɓa ji ba.

"Kina nuhin kajina?"

"Kajin kowa, Yaya. Naki dai sun fi yawa."

"Innalillahi. Ni da na ɗora wa tsohuwa laihi a gaban ɗiyarta. Ranar da za ku Zakka ku biyo da ni, in ba haka ba ban yahe maku ba."

Da ya ji ƙarfi muka shirya, mu uku da yara. Muka isa da hantsi. Aka shimfiɗa wa Baban Ummi tabarma a zaure, mu muka shiga ciki. Inna ta rame, ƙwaryoyinta suna kife a kan rumfa, ƙura ta hau su. Ta amsa gaisuwa yadda ya kamata, ta tambayi mai jiki, ta ɗauki yara ɗaya bayan ɗaya. Yaya Hadiza ta durƙusa har ƙasa, da muryar nan tata, ta ba da labarin kaji da sinki tun daga farko. Na ji daɗin muryar ranar, don duk matan maƙwabta sun ji ba tare da an aika musu ba. Inna ta ce, "Ba komi, Allah shi kiyaye gaba." Amma ba ta ɗago ido ba.

Sai ta kira ƙanina ta ba shi kuɗi a ɓoye. Ya fita ya dawo da ruwan leda da lemon kwalba, ta ce a kai wa baƙo zaure. A gidan da ko mai wucewa ba ya fita sai ya sha fura, surukinta za a ba abin kanti, wanda hannunta bai taɓa ba. Na ji kamar in nutse.

Ba a jima ba Ummi ta dawo da tiren yadda aka kai shi.

"Baba ya ce a gaida Inna da kyau. Ya ce shi fura ya zo sha, a ƙwaryar Inna, damun hannun Inna."

Inna ta dubi ƙasa. "Ce mashi babu nono mai kyau."

Ummi ta je ta dawo. "Ya ce zai jira. Ya ce ko kwana ne zai yi a zauren."

Can sai Inna ta miƙe. Ta sauko da ƙwaryar nan da ta karɓe daga hannuna a Batsari, ta wanke ta, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa. Ta shiga ɗaki ta fito da kindirmon da take ajiye wa 'yan gida. Ta dama a hankali, ta rufe da faifai ta miƙa wa Ummi, ta koma ta zauna, wannan karon bayanta ta juya wa ƙofa.

Kowa ya san yadda suruki ke cin abinci a gidan surukai. Ya taɓa kaɗan, ya rufe, ya ce ya ƙoshi, ko da yunwa na kashe shi. Ni fatana kawai a ga alamar ludayi ya shiga.

Sai ga Ummi da gudu, ƙwarya a kife a kanta kamar hula.

"Ya shanye! Ya ce wai in akwai saura a ƙara mashi!"

Yaya Hadiza ta yi salati ta rufe baki. "Lawal! A gidan surukai? Ƙari? Wa ya raini yaron nan?" Matan da suka taru a bakin zana suka fashe da dariya, wata har da guɗa. Ni ina dariya hawaye na zuba, ban damu in share ba.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Ta miƙa hannu ta karɓi ƙwaryar, ta leƙa cikinta, ta shafa da yatsa, ko ɗigo babu. Ta jawo kindirmon kusa da ita, ta ɗauki ludayi. Sannan ta ɗaga murya yadda za a ji har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure.

"Ke, gaya ma mutanen Batsari su sha a hankali. Saniya biyu kaɗai ke gare ni mai tatsa."